Hira da Asirin Saƙo a Birnin Kano

Tun zamanin dā mutanen Birnin Kano sun raba magana gida biyu. Akwai wadda a ke yi a bainar jama'a, kowa ya ji, kowa ya sa baki. Akwai kuma wadda a ke jan mutum gefe a faɗa masa, a ce kada ta wuce nan. Ta farko ita ce hira, ta biyu ita ce asiri. Duk wanda ya tashi a cikin ganuwa ya san bambancinsu tun yana yaro, gama in ya kwashi zancen ɗaki ya kai dandali, a ranar zai sha bulala.

Ko ginin gidajen cikin birni ma ya nuna haka. A ƙofar gida akwai dakali, inda maigida da maƙwabta su ke zama bayan la'asar, mai wucewa ya yi sallama ya tsaya, ya ji abin da a ke ciki. Bayan dakali sai zaure, inda a ke saukar baƙo. In gidan babba ne akwai soro na biyu, ko na uku, kowanne ya fi na gabansa sirri, har a kai cikin gida, inda namiji baligi ba ya shiga sai muharrami. Watau tun daga bakin ƙofa magana ta ke tacewa, kamar yadda a ke tace gasara. Abin da ya dace da dakali ya tsaya a dakali, abin da ya isa shiga ciki ya shiga.

Babban dandalin birni kuwa shi ne Kasuwar Kurmi, wadda Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, shi da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A nan fatake su ke sauke kaya, su sauke labari tare da shi. Mai goro daga Gwanja, mai gishiri daga Bilma, Balaraben Gadamas, mutumin Barno, kowa da abin da ya gani a hanya. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunan birnin sun kai 30,000, ya ce a lokacin ciniki su kan ninka haka. To, ka ga taro irin wannan, in labari ya faɗo Kurmi da hantsi, kafin magariba ya kai Ƙofar Kabuga da Ƙofar Mazugal, ya kuma yi ƙiba a hanya. Sarki ma da kansa ya san amfanin kasuwa. In yana da umurnin da ya ke so kowa ya ji, mai shela zai fita da ganga ya zaga, ya faɗa da ƙarfi. Wannan ita ce jaridar wancan zamani.

Saƙon asiri kuwa da ƙafa ya ke tafiya. A fada akwai jakadiya, mace mai shiga inda maza ba su shiga, ita ke kai magana tsakanin cikin gidan sarki da waje. Hakimai a lokacin suna zaune cikin birni, ƙasashensu na nesa, saboda haka kowanne yana da jakadu masu kai umurninsa ƙauyuka su komo masa da haraji da labari. A gidajen talakawa yara ne 'yan aike. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Enid Schildkrout, ta zauna a Kano a shekarun 1970 tana duba aikin yara a cikin birni, ta nuna yadda matan kulle su ke ciniki da zumunci da aike duk ta hannun 'ya'yansu. Ga kuma dillaliya, mai ɗauke da ƙunshin zannuwa a ka, da labarin gidaje goma a baki.

Aibin ɗan aike sananne ne: yana da kunne, yana da baki, yana kuma da nasa ra'ayi. Ya kan manta, ya kan ƙara gishiri, wani lokaci ya kan sayar. Ana gab da zuwan Turawa akwai wani Adamu Jakada da ya riƙa kai wasiƙu tsakanin Turawa da sarakuna, har da Sarkin Kano. Rahotannin da ya kai wa iyayen gidansa tsakanin 1899 da 1901 suna nan a rubuce, masana sun buga su. Mutum ne da aka karɓa a matsayin manzo, ya zauna a zaure, ya ci tuwo, ya buɗe ido da kunne, ya koma ya ba da bayanin abin da ya gani. Shi ya sa magabata su ke auna mutum kafin su aike shi, su ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Maganin mantuwar ɗan aike shi ne rubutu. Kalmar wasiƙa ma daga Larabci muka aro ta, asalinta kuwa yana nufin abin da aka amince da shi. A zamanin Daular Sakkwato da Larabci a ke rubuta wasiƙun sarauta, da alƙalamin kara da tawada, a kan takarda mai tambarin jinjirin wata uku wadda a ke sarrafawa a Italiya, a kawo ta ta Tarabulus a ƙetaro Sahara. Sarki yana da hatimi mai sunansa, shi a ke bugawa don mai karɓa ya san ba jabu ba ce. Rubuta wasiƙa fanni ne mai zaman kansa, da yadda a ke buɗewa, da irin gaisuwar da ta dace da sarki, da wadda ta dace da malami ko aboki. Wani malami haifaffen Kano, Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka haifa wajen 1858, ya wallafa littafi sukutum a kan wannan fanni a 1877, tun yana saurayi. Shi ne wanda daga baya ya koma Salaga ta ƙasar Gwanja, ya rasu a Kete Karachi a 1934, Allah ya ji ƙansa.

Amma lura da wannan, mai karatu. Hatimi yana shaida wanda ya aiko, ba ya hana wani karantawa. Abin da ya tsare asirin wasiƙa a wancan lokaci abu biyu ne: amincin manzo, da ƙarancin masu iya Larabci. Saboda haka masu hikima su kan gajarta wasiƙa, su bar nauyin zancen a bakin manzo. Takarda kuwa tana da wani hali da baki ba shi da shi, ba ta mutuwa tare da mai ita. Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Turawa suka shiga Kano, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. A watan Maris suka ci Sakkwato. A gidan Waziri Buhari, wanda al'amuran Kano ke bi ta hannunsa, aka tarar da tarin wasiƙun sarakuna. Aka kwashe su, aka fassara su da Turanci, wani jami'in mulki mai suna H. F. Backwell ya buga su littafi a Ikko a 1927. Abin da sarakuna suka rubuta wa Waziri da Sarkin Musulmi cikin tsoro da shawara game da Nasara, ga shi ya faɗa hannun Nasaran, har ɗan makaranta yana iya zuwa laburare ya karanta. Masu tarihi sun ji daɗi, don ba domin haka ba da abubuwa da yawa sun ɓace. Amma da za a tambayi masu wasiƙun, ba na zaton za su ce sun yarda.

Da Turawa suka zauna sai suka ja wayar tangaraho, suka kafa ofishin aika saƙo. Daga wannan waya ta ƙarfe da ke bisa turaku aka sami sunan gidan waya, kuma daga gare ta har yau mu ke kiran abin da ke aljihunmu waya, ko da ya ke babu ko zare a jikinta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jirgin sama ya fara sauka a 1925. Wasiƙar da dā ta ke wata da watanni a bayan raƙumi ta koma kwanaki. Aka kawo ambulan mai danƙo a baki, da 'yar takardar da a ke mannawa mai hoton Sarkin Ingila, wadda saboda haka aka sa mata suna kan sarki.

Ambulan ta rufe takarda, amma ba ta rufe asirin talaka ba, don talaka bai iya rubutu ba. In yana so ya aika wa ɗansa da ke Ikko ko Kumasi, sai ya tafi wurin malamin da ke zaune da teburi a bakin gidan waya, ya biya shi, ya zayyana masa duk abin da ke cikinsa: bashin da a ke binsa, rikicinsa da ƙaninsa a kan gado, 'yarsa da ta yi yaji. Na bayansa a layi yana ji. In amsa ta zo, ba gidansa za ta zo ba, gama lungunan cikin birni ba su da lamba. Sai ta bi ta hannun wani mai kanti, ko malamin makaranta, ko ma'aikacin En'e mai akwati. Sa'an nan kuma a nemi ɗan makarantar da zai karanta, shi kuwa yaro ne, gobe abokansa sun ji. Ka ƙidaya: mai rubutawa, mai akwati, mai karantawa a can, mai karantawa a nan. Wasiƙa ɗaya, kunnuwa takwas ban da na masu ita. Sojojinmu da suka tafi yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu sun gamu da na biyar, don a soja sai hafsa ya duba wasiƙa kafin ta fita, kada a faɗi inda runduna ta ke.

Wannan takaici yana cikin manyan abubuwan da suka kai dattawa aji. Da aka ɗaga tutar Yaƙi da Jahilci a Arewa a farkon shekarun 1950, aka kuma kafa hukumar NORLA a Zariya tana buga littattafai da ƙananan jaridu, irin su Sodangi ta lardin Kano, mutum mai furfura ya kan zauna a tabarma yana haɗa baƙi da wasali. In ka tambaye shi dalili, sau da yawa zai ce yana so ya karanta wasiƙarsa da kansa, ya kuma duba takardar haraji kada a cuce shi. Haka aka sake yi a 1980, sa'ad da gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilmin manya ta Jihar Kano, wadda har ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983. Ku da kuka fito daga irin waɗannan azuzuwa kun fi kowa sanin daɗin ranar da mutum ya fara yage ambulan ya karanta shi kaɗai, ba wanda ya ji.

Hira ita ma ta sami sababbin gidaje. A 1944 aka buɗe tashar rediyo mai waya a Kano, a kan ja waya zuwa akwati a gida ko a dandali, jama'a su taru su saurara. Bayan kafa NEPU a 1950 siyasa ta shiga zauruka da teburan masu shayi, har ya zama mutum ya kan duba hagu da dama kafin ya yi suka, don maganar majalisa ta kan kai kunnen 'yan doka, ta kai mai ita gaban alƙali. Daga baya rediyo ya kawo shirye-shiryen gaishe-gaishe, inda mutum zai aika kati a karanta sunansa da na masoyansa duniya ta ji. Da kaset ya yawaita, matafiya suka riƙa ɗaukar muryarsu su aiko gida, a taru a tsakar gida a kunna. Tarho kuwa na ofisoshi ne da gidajen attajirai, yawancin mutanen cikin birni ba su taɓa riƙe shi ba.

A watan Agusta 2001 aka fara wayar salula ta GSM a Nijeriya. Da fari tsada gare ta, minti ɗaya naira 50, saboda haka sai aka koma gidan jiya: yara suka kafa lema da teburi a bakin titi, ka biya ka buga, ka ɗaga murya saboda ƙarar babura, duk mai wucewa ya san an yi maka haihuwa ko an hana ka rance. Ba a daɗe ba waya ta yi arha, ta sami kyamara, ta sami hanyar tura hoto daga wannan zuwa waccan ba tare da ko kwabo ba.

A 2007 Kano ta ga abin da wannan ke iya jawowa. Wani ɗan gajeren hoton bidiyo na sirri, wanda aka ɗauka da waya, na wata 'yar wasan fim, ya fita daga hannun masu shi, ya bi wayoyin mutane kamar wutar daji. Gari ya ɗauka. Yarinyar ta ɓuya. Gwamnatin jiha ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tace finafinai, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka tsananta dokoki, mutane da yawa da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka rasa abincinsu. An yi ta wa'azi a kan laifin wadda aka gani a hoton. Abin da aka yi ƙarancin faɗa shi ne laifin dubban da suka karɓa suka tura, alhali Alƙur'ani mai girma a Suratul Hujurati ya hana bin diddigin asirin mutane da cin namansu a bayan ido, malamai kuma kullum suna karantar da falalar rufa asirin Musulmi. A ganina wanda ya tura ya fi wanda ya kalla laifi, wanda ya fara fitarwa kuwa ya fi su duka.

Sa'an nan intanet ta shigo waya. An ƙirƙiro Facebook a Amurka a 2004, WhatsApp a 2009, samarin Kano kuma sun yi yayin 2go wajen 2011 kafin su watse su bar shi. Waɗannan su a ke kira kafofin sada zumunta, kuma in ka duba da kyau tsarin gidan cikin birni aka maimaita. Shafin da kowa ke gani shi ne dakali. Zauren WhatsApp na dangi, ko na 'yan unguwa, ko na tsofaffin ɗalibai, shi ne zaure, har sunan ma mun ba shi. Saƙon da ka aika wa mutum ɗaya shi ne ƙuryar ɗaki. Yawancin abin da a ke yi a ciki hira ce irin ta kullum: barka da Juma'a, sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa, farashin masara a Dawanau, gardamar ƙwallo, cinikin atamfa da turaren wuta wanda matan aure su ke yi daga ɗakunansu ba tare da sun aiki yaro ba. Da aka kawo saƙon murya a 2013, wanda bai iya rubutu ba ma ya shigo, ya danna ya yi magana. Wannan alheri ne babba, kada a raina shi. Tsohuwa a Yakasai tana jin muryar jikanta da ke Jidda a ranar da ya yi maganar.

Amma wannan gida ya saɓa da na ƙasa ta fuska uku. Zauren gini ba ya ɗaukar fiye da mutum ashirin, kuma maigida ya san fuskar kowa. Zauren WhatsApp tun 2022 yana ɗaukar mutum 1,024, cikinsu har da lambobin da ba wanda ya san masu su. Maganar dakali iska ke kwashe ta, gobe a yi musu a ce ba haka aka ce ba. Ta waya kuwa tana nan da muryarka da ranar da sa'ar. Na uku, tsakanin ƙuryar ɗaki da tsakiyar Kurmi babu soro ko ɗaya, dannawa ɗaya ce. Dubi abin da ya faru a watan Agusta 2014, lokacin cutar Ebola: cikin dare ɗaya saƙo ya zaga Nijeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, kowa yana tura wa wanda ya ke ƙauna, har aka kwantar da mutane a asibiti, waɗansu suka rasa rayukansu. Kamfanin WhatsApp da kansa ya ga illar irin wannan a ƙasashe da yawa, a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda.

Abin da ya fi wannan nauyi ya auku a cikin ganuwa a 2020. Wani saurayi mawaƙin bege, ɗan unguwar Sharifai, ya rera waƙa aka tura ta WhatsApp. Ta fita daga inda aka fara jin ta, ta yaɗu, jama'a da yawa suka ce akwai ɓatanci a cikinta. A watan Maris taro ya ƙone gidan iyayensa. Ran 10 ga Agusta wata babbar kotun Shari'a ta yanke masa hukuncin kisa. A Janairu 2021 Babbar Kotun Jiha ta soke hukuncin, ta ce a sake shari'ar, don an yi ta ba shi da lauya. Aka ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli a Abuja, labarin ya kai majalisun ƙasashen Turai. Hukuncin abin da ya rera na malamai da alƙalai ne. Abin da ya shafi tarihinmu shi ne tafiyar saƙon: murya ta 'yan mintoci, daga waya ɗaya, ta tashi unguwa, ta raba iyali da gidansu, ta ƙetare teku.

To, wa ke iya karanta saƙon da ka aika wa mutum ɗaya? Ya kamata a bayyana wannan dalla-dalla, don mutane sun kasu biyu, masu cewa gwamnati na jin kome, da masu cewa ba mai jin kome, duka kuwa ba su daidaita ba. Tun watan Afrilu 2016 WhatsApp ke kulle kowane saƙo kafin ya bar wayarka. Kwatancinsa kamar akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo, wanda mabuɗinsa ke cikin wayar mai karɓa kaɗai. Kamfanin layi yana ɗaukar akwatin, kamfanin WhatsApp yana miƙa shi, amma ba mai iya buɗewa a hanya. Messenger na Facebook ya bi wannan tsari ga kowa daga Disamba 2023. Saƙon tes na layi da kiran waya na yau da kullum ba su da wannan kwaɗo. Wannan kariya ce wadda Sarki Alu da Waziri Buhari ba su taɓa samu ba.

Sai dai ko da ba a buɗe akwati ba, mai ɗauka ya san wanda ya aiko, da wanda aka aika wa, da lokacin, da wajen da wayar ta ke. Layin kuma ba ɓoyayye ba ne, gama tun 2011 a ke rajistar layuka da hoto da zanen yatsa, a Disamba 2020 kuma aka wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta tarho. Amma ƙa'idojin da hukumar sadarwa ta NCC ta fitar a 2019 sun ba jami'an tsaro damar sauraron layi in sun sami izinin alƙali, Dokar Shaida ta 2011 kuma ta yarda a kawo abin da ke cikin waya ko kwamfuta gaban kotu. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024 bayan an daɗe ana kukan ana kama 'yan jarida da masu suka da ita. A Yuni 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. A Yuli 2024 hukumar kare masu sayayya ta tarayya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 saboda yadda ya sarrafa bayanan 'yan Nijeriya. Kamfanin da ba ya karɓar kuɗinka kai tsaye, da sanin halinka ya ke ciniki, ya sayar wa masu talla hanyar kaiwa gare ka.

Duk da haka, in ka bi asirran da suka tonu a gari ɗaya bayan ɗaya, da wuya ka tarar an fasa kwaɗo. Ta bakin akwati biyu su ke fita, wurin mai aikawa da wurin mai karɓa. Malamin bakin gidan waya bai mutu ba, kama ya sake. Shi ne ƙanen da ya buɗe wa yayarsa shafi, ya riƙe lambobin sirrin. Shi ne mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ko titin Beirut wanda aka bar wa waya a buɗe aka tafi salla, ko da ya ke mafi yawansu masu amana ne. Shi ne mai cajin waya na bakin layi, da yaron da a ke ba wa ya karanta wa Baba saƙo, da mijin da ke binciken wayar matarsa in ta shiga wanka, da matar da ke yin haka in ya yi barci. Ga kuma ɗan damfara mai bugowa da ladabi, ya ce Alhaji, an sa ka cikin taron zauren masallaci, karanto mini lambobi shida da suka shigo wayarka yanzu. Wanda ya karanta ya miƙa mabuɗin gidansa, kafin azahar ana roƙon kuɗi da sunansa wurin duk danginsa. Kamfanonin ba da rance ta waya ma sun yi tasu ɓarnar, suna kwashe lambobin da ke wayar mai cin bashi, in ya makara su aika wa surukansa da maƙwabtansa cewa ɓarawo ne, har hukuma ta fara rufe waɗansunsu a 2022.

Mafi yawa kuwa mai karɓa ne da kansa. Saurayi da budurwa sun ɓata, abokan ciniki sun raba jari, 'yan siyasa sun sauya sheƙa, sai a ɗauki hoton fuskar waya, ko a tura muryar da aka yi cikin aminci shekara biyu da suka wuce, a watsa. Kamfanoni sun yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofa. A 2020 WhatsApp ya kawo saƙo mai ɓacewa da kansa bayan kwana bakwai, a 2021 ya kawo hoton da a ke buɗewa sau ɗaya tak, daga baya ya hana ɗaukar hoton fuskar waya a kan irin wannan. Samarin majalisa ba su yi mako guda ba suka gane dabara: mutum ya buɗe saƙon a wayarsa, na kusa da shi ya ɗaga tasa wayar ya ɗauka.